Yadda Ake Tara wa Ɗan Firamare Kalmomin Turanci Daga Yanayin Garinmu

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji uku ko aji huɗu a firamaren Sakkwato ya san wannan damuwa. Yaro ya iya rera A, B, C har ƙarshe, ya iya miƙewa ya gaida baƙo da "Good morning sir", amma da ka nuna masa sama ka ce ya faɗi abin da yake gani da Turanci, sai ya sunkuyar da kai. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, kalmomin ne babu su a bakinsa. Kuma ranar da ya kai aji shida, jarrabawar shiga sakandare da Turanci za ta zo masa. Ko lissafi ne, sai ya gane Turancin tambayar kafin ya taɓa lambobin.

Shawarata ga malamai da iyaye ita ce a fara tara wa yaro kalmomi daga abin da yake gani kullum da idonsa, yake ji a jikinsa. A cikin irin waɗannan abubuwa babu wanda ya kai yanayin gari sauƙi. Ba a sayensa, ba ya ƙarewa, kuma yana sauyawa da kansa, don haka darasin ba ya gundurar yara. Ɗan shekara bakwai a unguwar Mabera ko ta Runjin Sambo ya riga ya san hazo, ya san guguwa, ya san ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Ma'anar tana kansa tun tuni. Abin da ya rage kawai a ba shi sunan abin da Turanci.

Mataki na farko: zaɓi kalmomi kaɗan, kuma na lokacin da ake ciki

Kada a wuce sababbin kalmomi 5 ko 6 a mako ga ɗan aji ɗaya zuwa uku. Aji huɗu zuwa shida za su iya ɗaukar 8 zuwa 10. Wani zai ga kamar abin ya yi kaɗan, amma kalma 6 a mako na tsawon mako 12 ta ba da 72 a zango ɗaya, sama da 200 a shekara, kuma duka waɗanda yaro zai iya furtawa ya sa a jimla. Wannan ya fi kalma 30 da aka cika allo da su ranar Litinin, aka kwafe a littafi, aka manta kafin Laraba.

Sai a jera kalmomin bisa tafiyar shekarar karatu, domin zangunanmu uku sun faɗo daidai da sauyin yanayi.

Zangon farko yana farawa wajen Satumba, damina na bankwana. A makonnin farko a ɗauki "rain", "cloud", "wet", "mud" da "sun". Da an shiga Oktoba kaka ta yi, ana girbin gero, sai a shigo da "dry", "harvest", "millet", "farm". Daga Nuwamba iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, ta ɗebo ƙurar Sahara, lokacin "harmattan", "dust", "haze", "wind" da "cold" ya yi ke nan.

Zango na biyu, daga Janairu, sanyi na kan ganiyarsa, yara na zuwa da rigar sanyi da hula, leɓɓa sun tsage. A ƙara musu "sweater", "blanket", "cough", "lips", "fire". Kafin zangon ya ƙare zafi ya kunno kai, domin a Maris da Afrilu awon zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40. Nan ne gurbin "hot", "heat", "sweat", "thirsty", "shade", "fan".

Zango na uku na bazara ne da faɗuwar damina, wadda a nan takan kankama daga Yuni. Kalmominsa su ne "storm", "thunder", "lightning", "drizzle", "rainbow", "flood", "umbrella", "puddle".

Ga dalilin wannan tsari. Idan ka koya wa yaro "haze" a ranar da hazo ya rufe gari har ba a hangen ƙarshen titi, idonsa da hancinsa da maƙogwaronsa duk sun taya ka koyarwa. Idan kuwa a Agusta ka kawo ta, ta zama wahalar hadda kawai.

Mataki na biyu: kunne da baki kafin alli

Ranar Litinin da safe, kada a fara da rubutu. A fitar da yara bakin aji, ko a buɗe taga, a nuna abin da ake nufi. Malama ta nuna rana ta ce "sun" sau uku a hankali, yara na saurare ba su ce komai ba. Sannan su maimaita gaba ɗaya, sannan layi-layi, sannan a zaɓi ɗaiɗaiku, musamman na kujerun baya. A aji mai yara 60 ko fiye, amsar taro tana ɓoye da yawa: wasu bakinsu kawai ke motsi. Sai an ware yaro shi kaɗai ake sanin ko kalmar ta shiga.

A haɗa kowace kalma da motsin jiki. Ga "hot" a yi fifita da hannu. Ga "cold" a rungume kafaɗu ana karkarwa. Ga "rain" a ɗaga hannuwa sama a sauko da yatsu suna rawa. Ga "wind" a hura iska ana karkata jiki, ga "thunder" a buga tebur sau ɗaya da ƙarfi. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, James Asher, shi ya tsara wannan hanya ta haɗa harshe da motsin jiki a shekarun 1960, kuma har yau ana amfani da ita wajen koya wa ƙananan yara baƙon harshe. Amfaninta a wurinmu babba ne, domin malama na iya faɗin kalma ta duba aji gaba ɗaya a lokaci guda. Wanda ya yi fifita alhali "cold" aka ce, ta gan shi nan take, ba sai ta jira jarrabawa ba.

Idan abu bai nunu ba, a faɗi ma'anarsa da Hausa sau ɗaya a wuce. Babu laifi ko kaɗan a cikin haka. Ina adawa ƙwarai da al'adar cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa a aji. Yaron da aka tsorata ba ya koyon Turanci, shiru yake koya. Littattafan Mu Karanta! Let's Read! da aka yi aiki da su a firamarorin Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID ta Amurka a kan wannan fahimta aka gina su: yaro ya fara iya karatu da Hausa, sannan ya haye zuwa Turanci da abin da ya riga ya iya.

Gyaran furuci, tun kalmar tana ɗanya

A nan zan ɗan daɗe, domin kuskuren furuci idan ya zauna a aji biyu, har jami'a yakan bi mutum.

Akwai sautuka a Turanci da babu su a Hausa, kuma kalmomin yanayi cike suke da su. Na farko shi ne "th" na "thunder" da "thirsty". Yaranmu kan mayar da shi s, sai "thunder" ta koma sanda. A ce yaro ya fito da kan harshensa tsakanin haƙora ya hura iska a hankali. A bar su su kalli bakin juna biyu-biyu. Wanda bai ga harshen abokinsa ba ya ce masa ya sake.

Na biyu shi ne p da f. Hausa ba ta raba su, kuma mu a Sakkwato sau da yawa f ɗinmu hw ce, kamar yadda muke cewa hwari da hwaɗa. Don haka "fan", "flood" da "puddle" suna buƙatar aiki na musamman. Ga f, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Ga p, leɓɓa biyu su haɗu su buɗe da ƙarfi. A yanko ƙaramar takarda, yaro ya riƙe ta gaban bakinsa ya ce "pan": takardar za ta yi tsalle. Ya ce "fan": za ta ɗan karkata kawai. Yara na son wannan gwaji, kuma suna komawa gida su nuna wa ƙannensu.

Na uku v ce, wadda ke komawa b, sai "very hot" ta zama beri, "heavy rain" ta zama hebi. Bakin v iri ɗaya ne da na f, bambancin shi ne maƙogwaro yana rawa. Yaro ya ɗora yatsa a wuyansa zai ji.

Na huɗu shi ne baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma. Harshenmu ya saba sa wasali tsakaninsu, shi ya sa "cloud" ke fitowa kilawud, "dry" diray, "storm" sitom. Dabarar ita ce a faro daga baya. A ce "loud", a maimaita, sannan a manna k a gaba da sauri: "cloud". A ce "rain", sannan "train", sannan "drain". Ta haka ma an samu ƙarin kalmomi a kyauta.

Kada a tsayar da yaro a gaban aji ana ta sa shi maimaitawa har 'yan uwansa su fara dariya. Sau biyu ya isa, gobe ma rana ce.

Mataki na uku: kalma ta shiga jimla tun ranar farko

Kalmar da ba ta da jimla ba ta da wurin zama a kan yaro. Don haka tun makon farko a kafa tambaya ɗaya da za a riƙa yi kowace safiya bayan kiran suna: "What is the weather like today?" Amsar kuma ta fara da "It is".

Wannan "it" ɗin tana rikita yara, domin suna neman abin da take nufi su rasa. A gaya musu cewa yadda muke cewa ana ruwa, ana zafi, ana sanyi ba tare da mun faɗi mai yi ba, haka Bature ke cewa "It is raining", "It is hot", "It is cold". Da sun ji haka sai abin ya warware.

Ga yadda abin yake gudana a aji uku wata safiyar Disamba. Malama ta ce, "Hadiza, leƙa waje. What is the weather like today?" Yarinyar ta leƙa ta dawo ta ce, "It is dust." Malama ba ta ce ta yi kuskure ba. Sai ta shafa yatsa a kan tebur, ta ɗaga shi ta ce, "This is dust." Ta nuna waje ta ce, "It is dusty. Faɗi mu ji." Hadiza ta ce, "It is dusty, Malama." Aka tafa mata. Duka abin bai kai minti ɗaya ba, kuma aji gaba ɗaya ya ga bambancin sunan abu da siffar gari.

Daga nan sai a rubuta su bibbiyu a allo: "dust" da "dusty", "wind" da "windy", "cloud" da "cloudy", "rain" da "rainy". A bar yaran su gano da kansu cewa y ake ƙarawa. Bayan sun gano, a nuna musu guda biyu masu ɗan bambanci: "sun" tana ninka n ta zama "sunny", "haze" tana zubar da e ta zama "hazy".

Akwai kuma wuraren da Hausa ke da kalma ɗaya, Turanci na da biyu, kuma dole a tsaya a kansu. Ruwan randa "water" ne, na sama "rain". Ranar da ke sama "sun" ce, ranar Talata "day". Iskar da muke shaƙa "air", mai kaɗa itatuwa "wind". Ƙanƙarar firji "ice", wadda ke faɗowa tare da ruwan sama "hail". Sanyi mai daɗi na bayan ruwa "cool" ne, na asubahin Janairu "cold". A nan ne ma ake gyara maganganun da yara ke ɗaukowa kai tsaye daga Hausa. Ruwa ya dake ni ba "rain beat me" ba ne a Turancin jarrabawa, "I got wet in the rain" ake cewa. Ina jin sanyi kuma "I am cold" ne ko "I feel cold", ba a sa "hear" a ciki.

Mataki na huɗu: katuna da gwangwanaye uku

Sai yanzu rubutu ya shigo. A nemo kwalin taliya ko na sabulu daga mai shago, a yanka shi gida-gida kamar tafin hannu. A gefe ɗaya a rubuta kalmar da ƙananan baƙaƙe, amma da girma kuma da kyau, a ɗaya gefen yaro ya zana hoton da kansa. Zanen ba sai ya yi kyau ba. Wanda ya zana girgije da hannunsa ya fi tuna "cloud" a kan wanda aka miƙa wa bugaggen hoto.

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce mantuwa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bita a kan lokaci tana rage zubewar. Mu nan ba baƙon abu ba ne a gare mu: mahaddacin Alƙur'ani bai taɓa barin abin da ya haddace ba tare da tishi ba, sabon karatu kullum, tsoho kuma bi da bi. Haka za a yi wa kalmomin Turanci.

A samo gwangwanayen madara guda uku, a rubuta musu 1, 2, 3. Duk sabon kati yana shiga na 1, kuma ana duba na 1 kullum. A nuna wa yaro hoton, ya faɗi kalmar, ya sa ta a jimla. In ya iya, katin ya koma na 2, wanda ake dubawa Litinin da Alhamis kawai. In ya sake iyawa, ya koma na 3, wanda ake dubawa sau ɗaya a mako. Duk katin da ya gagara, ko daga na 3 ne, ya dawo na 1. Wani ɗan jarida a Jamus, Sebastian Leitner, shi ya fito da wannan tsari a 1972. Kyawunsa shi ne lokacin yaro yana tafiya ne a kan abin da ke ba shi wuya, maimakon a yi ta maimaita abin da ya riga ya sani.

A gida, minti 10 bayan sallar magariba ya wadatar. A aji mai yawa ba zai yiwu kowa ya sami gwangwanayensa ba, sai a raba yara rukuni-rukuni na mutum 6 zuwa 8, kowane rukuni da nasa, a naɗa shugaba da zai riƙa sauyawa duk mako don kada aikin ya tsaya a hannun masu ƙoƙari kaɗai.

Kalandar yanayi a bangon aji

A manna babban kwali a bango, a ja layuka a yi gidaje na kwanakin wata. Kowace safiya yaro ɗaya, bisa jerin rajista, ya fita ya duba sama, ya dawo ya zana alama a gidan ranar, ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa. Ranar Juma'a a ƙirga tare: "How many sunny days? How many hazy days?" Ga lissafi ya shigo, ga sunayen ranaku da watanni sun shigo, ga kuma damar koyar da jiya da gobe: "Yesterday it was windy." "Tomorrow it will be hot." Ga 'yan aji huɗu zuwa sama, a bar su su yi hasashen gobe su rubuta, washegari a duba wanda ya dace. Gardamar da za su yi a kai ita kanta darasi ce, muddin an ce da Turanci za a yi ta.

Da damina kuma a yi ma'aunin ruwan sama. A samo gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke kashi ɗaya cikin uku daga sama, a kifa wannan yankin cikin gorar ya zama mazurari. A zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar da ita, a zuba ruwa ya rufe tsakuwar, a ja layi a daidai nan ya zama sifiri, a ɗaure rula a jiki ta faro daga layin. A ajiye ta a fili, nesa da indararo da inuwar itace. Kowace safiya a lokaci ɗaya a karanta, a rubuta, a zubar har zuwa layin sifiri. Awon ba zai kai na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, daidaito ba, amma zai ba yara "measure", "more", "less", "full", "empty", "heavy" da "light". Sai a gaya musu cewa ruwan da Sakkwato ke samu a shekara wajen milimita 600 zuwa 700 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta, su kwatanta da abin da gorarsu ta tara.

A nan ne kuma ya dace a koyar da kusurwoyi. Kowane yaro ya san gabas, domin can ake fuskanta a yi salla, kuma ya ji manya na cewa hadari ya taso daga gabas. A tsayar da shi ya fuskanci can ya ce "east", bayansa "west", hagunsa "north", damansa "south".

Daga yanayi zuwa sauran rayuwa

Idan kalmomin yanayi sun zauna, sai a riƙa jawo wasu da su. A rubuta "rain" a tsakiyar allo a tambayi yara da Hausa: idan an yi ruwa, me ke biyo baya? Za su ce shuka, fartanya, iri, kwaɗi, sauro, zazzaɓi. Kowace amsa a ba ta Turancinta: "plant", "hoe", "seed", "frog", "mosquito", "fever". A zaɓi 6 na mako mai zuwa daga ciki. A rubuta "dry season" a tambayi me ake nomawa a fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo da rani, za a samu "onion", "garlic", "rice", "tomato", "pepper", da "river" da "dam". Yaron da mahaifinsa ke noman albasa yakan zama gwanin aji a wannan mako, ko da a da ba ya magana, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin yin darasin.

'Yan aji biyar da shida a ba su labarin gaske su sake faɗa da Turanci mai sauƙi. Misali, ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwan Gulbin Rima ya mamaye ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Iyayensu sun shaida abin. A ce kowa ya tambayi babba a gida, ya dawo da jimloli 5 masu ɗauke da "flood", "bridge", "river", "canoe" da "farm". A wannan matakin ne kuma za a bambanta musu "weather", yadda gari ya wayi yau, da "climate", yadda yanayin wuri ya saba kasancewa shekara da shekaru.

To, ina batun "snow" da "winter" da ke cikin littattafai?

Za a koyar da su, domin suna fitowa a karatu da jarrabawa, amma a bari sai na gida sun zauna, kuma a faɗa wa yara gaskiya cewa na wasu ƙasashe ne. A Ingila shekara kashi huɗu ce: "winter", "spring", "summer", "autumn". Sanyinsu yana zuwa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturunmu, sai dai nasu da jiƙa da gajeren yini, wani lokaci da dusar ƙanƙara, namu kuwa busasshe ne mai ƙura. Kada a ce wa yaro damina ita ce "summer" ko kaka ita ce "autumn" kai tsaye, zai rikice. Sunayen lokutanmu da Turanci su ne "rainy season", "dry season", "harmattan" da "hot season". Don nuna "snow", a buɗe musu hoto ko bidiyo a waya, sannan a kankaro farar ƙanƙarar da ke manne a jikin firiza a ɗora musu a tafin hannu su ji yadda take narkewa.

Aikin iyaye, ko da ba su jin Turanci

Uwa da ba ta yi boko ba tana iya riƙe katin, domin akwai hoto a gefe ɗaya. Ta nuna, yaro ya faɗa, yayansa ko yayarsa su tabbatar. Ta kuma ce masa, "Zo ka koya mini na yau." Yaron da ya koya wa Inna kalma ya maimaita ta sau da yawa ba tare da ya sani ba. Uba kuma da safe kafin ya fita ya buɗe manhajar yanayi a wayarsa ya miƙa wa yaro ya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin Sokoto, ko "Sunny" ne ko "Haze" ko "Thunderstorm", da lambar digirin. Idan da talabijin, a bar shi ya kalli hasashen yanayi da ake yi a labaran Turanci, ya ɗaga yatsa duk lokacin da ya ji kalmar da ya sani. Ba a neman ya gane komai.

A kula da gajiyar yaro. Da yawansu daga boko sai Islamiyya, wasu har da makarantar allo da dare. Minti 10 da fara'a sun fi awa guda da tsawa.

Gwajin Juma'a

Kowace Juma'a a ɗauki minti 15 a gwada abu uku a jere. Da farko malama ta faɗi kalma, yaro ya nuna hoto. Sannan ta nuna hoto, yaro ya faɗi kalma. Sannan ya sa ta a jimlar da ba a taɓa rubutawa a allo ba. Rubutun kalmar daga ka ya zo a ƙarshe, kuma daga aji uku zuwa sama. Idan fiye da rabin aji sun kasa mataki na biyu, kada a kawo sababbin kalmomi mako mai zuwa, a sake na wannan makon da wasu wasannin daban. Yaron da kullum yake kasa mataki na farko a dawo da shi kujerar gaba a lura da shi, domin wani lokaci kunne ne ko ido ke da matsala, kuma sai a sanar da iyayensa su kai shi asibiti a duba.

Dogon hutu yana faɗowa a Agusta, tsakiyar damina, kuma a nan ne kalmomi suka fi zubewa. Kafin a tashi, a ba kowane yaro katunansa a ɗaure da roba, da takarda ɗaya mai gidaje 31. Kowace rana ya zana yanayin gari ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa. Malamin da zai karɓi ajin a Satumba ya nemi takardun a makon farko, ya karanta su, ya fitar da kalmomin da yawancin yaran suka rubuta ba daidai ba, ya sa su a gwangwani na 1.